Lambun Tsakar Gida: Amsoshin tambayoyinku kan shuka kokwamba daga iri

Yawancin saƙonnin da suka shigo mana wannan karon daga Bauchi da Gombe a kan kokwamba ne, doguwar nan da ake yankawa a salak ko a ci da ƙuli da yaji. Masu kama da juna mun haɗe su, dogaye kuma mun taƙaita.

Assalamu alaikum. Na sayi kokwamba mai kyau a kasuwar Muda Lawal, na cire ƙwayar cikinta na shanya na shuka har sau biyu, ko ɗaya bai tsiro ba. Ƙasar ce ko hannuna ne?
*Wata uwargida, Yelwa, Bauchi*

Wa alaikumus salam. Uwargida, hannunki lafiya lau. Kokwambar da ake kawowa kasuwa ɗanya ake tsinke ta, kimanin kwana goma bayan fure. A lokacin ƙwayar cikinta ɓawo ne da ruwa kawai, shi ya sa ma take da daɗin tauna. Irin da zai tsiro sai daga wadda aka bari a jikin uwa ta nuna ta koma rawaya.

Ki je wurin masu sayar da irin lambu ki sayi na cikin fakiti. Kashi biyu za ki tarar. Akwai irin su Marketmore 76 da Poinsett 76 da Ashley, waɗanda suka fi araha kuma ana iya ajiye irinsu a sake shukawa. Marketmore 76 a jami'ar Cornell ta Amurka aka samar da shi, kuma ya daɗe a hannun masu lambu saboda yana jure wasu cututtukan ganye. Sai kuma masu aure, waɗanda za ki ga an rubuta F1 a gaban sunansu, kamar Murano da Monalisa da Greengo. Sun fi tsada, sun fi saurin haihuwa da yawan 'ya'ya, amma duk shuka sai kin sayi sabo. Ga mai farawa, mu dai Marketmore ko Poinsett muke zaɓa mata, don ko an yi kuskure asarar ba ta da zafi.

Ki duba kwanan watan da ke jikin fakitin, kuma kada ki karɓi wanda aka rataye a bakin shago rana tana dukansa, zafi yana kashe iri tun yana cikin leda. Giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya 35 zuwa 40, don haka ƙaramin fakiti ya ishi tsakar gida har ki ba maƙwabciya. In kina shakka, ɗauki ƙwaya goma ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ki ajiye a inuwa, kada ya bushe. Cikin kwana huɗu zuwa biyar ki buɗe. In bakwai ko fiye sun fasa baki, irin yana da rai. In kin ga ƙwayar da launin ja ko kore ko shuɗi, magani ne aka shafa mata don kare ta daga ruɓewa: kada ki jiƙa ta, kada yara su taɓa, ki wanke hannu bayan shuka.

Na shuka a Disamba, ta ɗauki kusan mako biyu kafin ta fito, da ta fito kuma ta tsaya cak. Wai ba a rani ake lambu ba?
*Wani ma'aikaci, Tumfure, Gombe*

Malam, a rani ake yi, amma ba kowane kayan lambu ne abokin hunturu ba. Latas da kabeji da karas suna murna da sanyi. Kokwamba kuwa asalinta daga Indiya take, ɗumi take so. Idan zafin ƙasa ya kai digiri 25 zuwa 30, cikin kwana uku zuwa biyar take tsirowa. Da zarar ya sauko kusa da 15, kamar yadda daren Disamba da Janairu kan yi, sai ta yi ta nawa, wani irin ma ya ruɓe a rami.

A yankinmu lokuta uku ne masu sauƙi. Na farko, da ruwa ya zauna, ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni, don ka ci rabonka kafin marka ta kawo cutar ganye. Na biyu, ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba: ruwan sama ya rene maka ita, ka ƙarasa da ban ruwa, ka tsinka a Oktoba da Nuwamba. Wannan shi ne muka fi yabawa ga lambun gida. Na uku, ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, lokacin da sanyi ya fara sakin jiki, amma sai mai rijiya ko famfon da ba ya yankewa. Wanda ya shuka a Maris, furensa zai faɗo a tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da rana kan kai digiri 40, fure ya yi ta zubewa.

Daga shuka zuwa tsinkar farko, masu aure kwana 40 zuwa 45 ne a ɗuminmu, sauran kuma 50 zuwa 60. Mai son kokwambar buɗa-baki daga lambunsa sai ya lissafa baya: Marketmore a farkon Rajab, mai aure a tsakiyarsa, in dai lokacin bai faɗo cikin tsananin sanyi ba. Kuma kada ka shuka duka rana ɗaya. Uwa ɗaya mako uku zuwa biyar take yi tana bayarwa sannan ta gaji. Shuka rami huɗu yau, huɗu bayan mako uku, ya fi takwas a lokaci guda.

Ina da fili bayan ɗaki, taku huɗu a taku shida, baƙar laka ce mai tsagewa da rani. Ku faɗa mini yadda zan yi tun daga farko.
*Wani dattijo mai ritaya, Deba*

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Lakarka tana da abinci, matsalarta riƙe ruwa. Saiwar kokwamba ba ta nisa, yawancinta a taƙin hannu ɗaya zuwa biyu na saman ƙasa take, kuma ba ta jure kwana cikin ruwa. Saboda haka gyaran ƙasa shi ne rabin aikinka.

Da farko ka tabbata wurin yana samun rana awa shida ko fiye. In katangar bulo ce a gefen da ranar la'asar ke duka, ka ja baya da ita kamar rabin mita, don tana tara zafi ta dafa ganye. Ka kafce ƙasar zurfin santimita 25 zuwa 30, ka farfasa hoge. A kowace murabba'in mita ka zuba bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki, ka ƙara buntun shinkafa da ya ruɓe ko ɓawon gyaɗa don lakar ta saki. Mun ce ruɓaɓɓe da gangan. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, shi ne ke sa tsiro ya fito lafiya ya mutu cikin mako. Takin da ya nuna baƙi ne, ba ya wari, ba ya ɗumi in ka cusa hannu. In ɗanye kake da shi, ka gauraya da ƙasa ka riƙa jiƙawa, ka jira mako uku kafin shuka.

Da damina ka ɗaga kunya mai tsayin santimita 20 zuwa 25, ka shuka a kanta. Da rani, a jigawa fangali ake yi don ya tare ruwa, amma a laka irin taka ko da rani ƙaramar kunya ta fi aminci. Tsakanin layi da layi mita ɗaya, tsakanin rami da rami santimita 40. Filinka zai ɗauki layi biyu ko uku cikin walwala, kuma uwa shida zuwa takwas sun ishi gida guda, tun da kowace za ta iya ba ka kimanin guda goma in ta samu kulawa.

Ka jiƙa ƙasar tun da yamma, ka shuka da safe. Zurfin rami gaɓar yatsa ɗaya, wato santimita 2. Wannan ne inda masu hannun shuka masara suke kuskure: su binne ta santimita biyar, laka ta bushe ta yi ɓawo a sama, tsiron ya kasa fasowa. Ƙwaya biyu a rami. Idan sun yi ganye na gaskiya biyu, ban da 'yan biyun farko masu santsi, ka bar mai ƙarfin. Ɗayar ka datse ta da farce ko almakashi daga gindi, kada ka tuge, don za ka girgiza saiwar 'yar'uwarta. Wannan dalilin ne ma ya sa ba mu son a yi mata reno a fangali a dasa kamar tumatir. In dole sai an yi reno, a yi a ƙaramar leda ko ledar ruwa da aka huda, a dasa da ƙasarta gaba ɗaya cikin kwana 10 zuwa 14.

Takin zamani kuwa da murfin kwalbar lemo za ka auna, yana ɗaukar giram biyar zuwa shida. Kwana 10 zuwa 14 bayan tsiro, murfi ɗaya na NPK 15-15-15 ga kowace uwa, a tona nesa da gindi santimita 10, a rufe, a ba da ruwa. A maimaita idan fure ya fara, sannan duk mako biyu muddin ana tsinka. Yuriya sai in ganye ya koɗe gaba ɗaya, shi ma rabin murfi. In ta yi yawa, za ka samu ganye kamar faranti da 'ya'ya kaɗan.

Makon farko ka yi hattara da kaji da ƙadangaru, su ne ke fara cin kokwamba kafin mai gida. Tsohon gidan sauro da ya yage aka daina kwana a ciki yana maganinsu, yana kuma tare jan ƙwaron nan da ke huda ganyen tsiro. Amma da ka ga fure ka yaye shi, don ƙudan zuma su samu shiga.

Gidan haya muke, tsakar gida duk siminti. Za ta yi a buhu?
*Wata amarya, Jekadafari, Gombe*

Za ta yi, Amarya. Buhun shinkafa mai kilo 25 uwa ɗaya, mai kilo 50 uwa biyu, kada ki ƙara. Tsohon bokitin fenti mai lita 20 ma ya yi in an wanke shi tas an huda gindinsa wuri shida zuwa takwas. Haɗin ƙasa: kashi biyu ƙasar gona, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya yashi ko buntu. Ki ɗora buhun a kan bulo ko katako, don siminti da rana kamar tanda yake. Ƙasar buhu tana saurin bushewa, da zafi sai safe da yamma. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko ganye duk ki ba ta. Ruwan wanki mai omo da na wanke-wanke mai gishiri da mai kuwa ki zubar can, kokwamba ba ta jure gishiri, gefen ganyenta zai ƙone. Taki ki ba ta rabin murfi duk kwana goma, maimakon cikakke a lokaci guda.

Dole ne sai an yi mata rumfa? Kakanninmu ai a ƙasa suke barin gurji da kabewa.
*Wani matashi, Misau*

Ƙanenmu, ba dole ba ne, amma a tsakar gida wanda ya bar ta a ƙasa ya yi asarar fili. Uwa ɗaya tana yaɗo mita biyu. A ƙasa 'ya'yan suna lanƙwashewa, gefen da ya kwanta ya yi fari, da damina ya ruɓe, wasu kuma su ɓuya a ƙarƙashin ganye har su tsufa ba ka gani ba. A sama suna ratayewa su miƙe, iska tana ratsa ganye ta busar da raɓa.

Ka samu gora ko sanduna masu ƙwari, tsawon mita biyu da rabi, ka kafa rabin mita a ƙasa, tsakaninsu mita biyu. Ka ɗaure waya ko igiya mai kauri a sama, daga nan ka sauko da zare ɗaya ga kowace uwa, ka ɗaure shi a ɗan turke kusa da gindi, ba a jikin karan ba. Karan dawa shi kaɗai ba ya ɗaukar nauyin, gara ma tana cinye gindinsa. Ka kafa sandunan kafin shuka, don kafa su daga baya yana yanke saiwa. Daga mako na biyu ka riƙa naɗa kan yaɗon a jikin zare duk kwana biyu, da rana lokacin da ya yi laushi. Da sassafe cike yake da ruwa, yana karyewa.

Rassa da furen da suka fito a gaɓoɓi huɗu na ƙasa ka cire su, don uwar ta yi ƙarfi tukuna. Daga nan ka sassauta hannu. Irin su Marketmore a rassan gefe suke yawan fitar da furen mace, wanda ya aske su duka ya aske rabonsa.

Ta yi fure rututu amma duk zubewa yake yi, ko ɗa ɗaya ban gani ba. An ce baki ne.
*Wata malamar makaranta, Bolari, Gombe*

Malama, kafin a kai ga baki mu duba furen. Kokwamba fure iri biyu take yi a jiki ɗaya. Na namiji yana kan siririn tsinke, sau da yawa uku ko biyar a wuri guda. Na mace yana fitowa shi kaɗai, kuma a bayansa akwai 'yar mitsitsiyar kokwamba. Na maza ne ke fara fitowa, da kwana bakwai zuwa goma, kuma aikinsu ke nan su buɗe wuni ɗaya su zube. In waɗannan ne kike gani a ƙasa, ki ƙara haƙurin mako guda.

Idan kwanaki sun ja har yanzu maza ne kawai, zafi ne ya yi yawa, ko ƙishi, ko kin cusa su kusa da juna suna yi wa juna inuwa. Duk waɗannan suna sa uwa ta karkata ga furen namiji.

Idan kuwa na matan sun fito, sai 'yar kokwambar ta yi rawaya ta motse, to barbara ce ba ta samu ba. Garin furen kokwamba yana da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, sai ƙudan zuma, kuma fure ɗaya yana bukatar su sauka a kansa sau da yawa. A tsakiyar gari suna ƙaranci, feshin safe kuma yana kashe 'yan kaɗan ɗin da ke zuwa. Ki yi aikin da kanki. Tsakanin ƙarfe shida da tara na safe ki tsinki furen namiji da ya buɗe a ranar, ki cire rawayan ganyensa, ki goga tsakiyarsa a tsakiyar furen mace a hankali. Namiji ɗaya ya ishi mata biyu ko uku. Bayan kwana biyu zuwa uku za ki ga wadda ta kama ta fara tsawo.

Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba: uwar da ke ɗauke da manyan 'ya'ya uku ko huɗu takan zubar da ƙananan da kanta, don ba za ta iya ciyar da su duka ba. Maganin wannan tsinka da wuri.

Tawa ta haihu, amma ɗaci kamar maɗaci, wasu kuma kai babba gindi siriri kamar ludayi. Ko don na shuka ta kusa da kankana ne?
*Wani mai shago, Azare*

Alhaji, kankana ba ta da laifi. Dangi ɗaya suke da kabewa da duma, amma ba sa barbarar juna, ko a rami ɗaya ka shuka su. Ɗacin daga wani sinadari ne da ake kira kukubitasin, wanda ke cikin ganye da kara don korar dabbobi. Idan uwa ta wahala, sai ya malalo cikin 'ya'ya. Abin da ya fi wahalar da ita kuwa shi ne ban ruwa na ganin dama: yau a cika ta, a manta kwana uku, a dawo a sake cikawa. Ɗan kokwamba kashi 95 cikin ɗari ruwa ne, kuma cikin kwana goma yake girma. Duk ranar da uwa ta kwana da ƙishi, shaidar tana jikin ɗan da ke girma a ranar, ko a ɗanɗano ko a siffa.

A ƙasar Azare mai yashi, kuma da zafi, babbar uwa mai 'ya'ya tana shan lita biyu zuwa uku a rana. Ka raba shi safe da yamma. Hanyar gwaji ita ce ka cusa yatsa zuwa gaɓa ta biyu: in ka ji sanyin danshi ka bari, in ka ji bushewa ka ba ta. A gindi za ka zuba, ba a kan ganye ba. Sannan ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa mai kaurin yatsu uku, ka bar tazarar yatsu biyu daga karan saboda gara da ruɓewa. Wannan shimfiɗar tana rage ban ruwa sosai, kuma ita ce abin da masu lambun gida suka fi rainawa.

Siffar ma tana magana. Wadda ta kumbura a gefe ɗaya ta tsuke a ɗaya, ko ta lanƙwashe kamar lauje, galibi barbara ce ba ta cika ba, gefen da ya samu ƙwaya shi ne ya girma. Wadda ta tsuke ta wajen tsinke ta kumbura a ƙarshe takan nuna ƙarancin sinadarin fotash. Tafin hannu ɗaya na tokar murhu a kowace murabba'in mita yana taimakawa, amma kada ka zuba ta rana ɗaya da yuriya. Waɗanda ka riga ka tsinka, ɗacin ya fi taruwa ta wajen tsinke da ƙarƙashin fata: yanke santimita uku daga can ka fere. In har yanzu tana ɗaci sosai, ka zubar, tana ɓata ciki.

A Agusta ganye ya yi ɗige-ɗigen rawaya, cikin kwana goma duk ya bushe kamar an babbaka. Na fesa maganin ƙwari bai yi komai ba.
*Wani manomi, Dass*

Malam, ba zai yi ba, don ba ƙwaro ba ne. Ka juya ganyen da sassafe. In ɗigon yana da kusurwa, jijiyoyin ganye sun yi masa iyaka, kuma a ƙarƙashinsa akwai fumfuna mai ruwan toka, to cutar marka ce. Iska ce ke kawo ta, ganye mai kwana a jiƙe ne ke karɓarta. A wuri mai yawan ruwa kamar Dass ita ce babbar abokiyar gabar kokwamba.

Ganyen da ya kamu ba ya warkewa, sabon ganye ake karewa. Ka cire waɗanda suka kamu ka fitar da su daga lambun, kuma kada ka yi aiki a ciki ganye yana jiƙe. Maganin da ke ɗauke da Mancozeb ana fesa shi ne tun kafin cutar ta bayyana, duk mako, har ƙarƙashin ganye. In ta riga ta shigo, wanda aka haɗa Metalaxyl da Mancozeb ya fi kama ta. Ka bi awon da ke jikin fakitin, ka kuma karanta kwanakin da aka ce a jira kafin a tsinka. Wannan ba wasa ba ne a abin da ake ci ɗanye.

Akwai ta biyu da ke zuwa da kaka da rani, wadda ganye ke yin fari kamar an barbaɗa masa gari. Ita ba ta kisa da sauri, cire tsofaffin ganye da barin iska ta ratsa yana rage ta. In kuwa sabon ganye ne ya yi dabbare-dabbare ya tattare, 'ya'yan suka yi ƙuraje, wannan cuta ce da darɓa ke yaɗawa, ba ta da magani. Tuge uwar kafin ta shafa wa sauran. Darɓar da farin ƙuda ana rage su da ruwan darbejiya: giram 50 na dakakken ƙwallon a lita ɗaya ta ruwa, ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma bayan ƙudan zuma sun tafi.

Gargaɗi biyu. Kada ka ari injin feshin da aka yi maganin ciyawa da shi, ragowar da ke ciki tana murɗe ganyen kokwamba ko an ɗauraye. Ota-fiya-fiya da sauran magungunan ƙwarin ɗaki kuma ba su da hurumi a lambu.

Daga waje lafiya, sai ɗan tabo mai danƙo. In na yanka, tsutsa.
*Wani mai lambu, Dadin Kowa*

Ƙudan 'ya'yan itace ne, ɗan'uwa. Macen tana huda fatar tun ɗan yana ƙarami ta saka ƙwai a ciki, don haka feshi ba ya kai wa ga tsutsar. Duk wanda aka huda ka tsinke shi a ranar, ka ƙulle a baƙar leda ka bar shi a rana kwana biyar, ko ka binne zurfin rabin mita. In ka yar a gefen lambu, tsutsar za ta shiga ƙasa ta fito ƙuda ta dawo maka. A uwa goma ko ƙasa da haka, abin da ya fi aiki shi ne sutura: da furen mace ya yanƙwane, ka sa ɗan a doguwar jakar takarda ko ƙyallen gidan sauro ka ɗaure sako-sako. Tarkon gora ma yana ragewa: gorar ruwa da aka huda a kafaɗa, a zuba ruwan sukari da yis, a canza duk mako. Turaren tarkon da ake sayarwa don ƙudan mangwaro kuwa ba ya jan na kokwamba, kada ka ɓata kuɗinka. Tun da Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya tana garinku, kai musu samfuri su gani da ido.

Kullum da azahar sai ta yi yaushi, ko na ba ta ruwa da safe.
*Wata Hajiya, Fadaman Mada, Bauchi*

Hajiya, in ta miƙe kafin magariba, ba komai, faɗin ganyenta ne ke zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke jawowa. Kada ki ƙara ruwa saboda wannan. In kuwa da safe ma a kwance take alhali ƙasa da danshi, ki tuge ɗaya ki duba saiwar. Baƙa mai wari, ruwa ya yi yawa. Mai ƙulli-ƙulli kamar carbi, tsutsar saiwa ce wadda ido ba ya gani, kuma ta fi yawa inda aka jera shekaru ana tumatir ko kuɓewa, musamman a yashi. Wannan shukar ba ta da ceto. Ki ƙone saiwar, ki shuka masara a wurin, ki ƙara ruɓaɓɓen taki. A Maris ko Afrilu ki jiƙa ƙasar ki rufe da farar leda mai nuna ciki, ki danne gefunan, mako huɗu zuwa shida, rana ta gasa su.

Na bar guda biyu su ƙara girma don in ba baƙi mamaki, sai uwar ta daina haihuwa. Kuma ina so in ajiye iri.
*Wani limami, Kumo*

Allah gafarta Malam, uwar ta ɗauka aikinta ya ƙare. Da zarar ƙwaya ta fara ƙosawa a cikin ɗa ɗaya, sai ta daina ciyar da sabon fure. Ana tsinka ne tana da tsawon santimita 15 zuwa 20, koriya shar, da tauri, duk kwana biyu, da safe. A yanka da wuƙa a bar ɗan tsinke, kada a fizga. Wajen ajiya, sanyin digiri 10 zuwa 12 take so. Can cikin firji yana sa ta yi ramuka ta saki ruwa bayan 'yan kwanaki, kusa da ayaba ko nunannen tumatir kuma tana saurin yin rawaya. Jiƙaƙƙen tsumma a gindin randa yana riƙe ta kwana uku zuwa huɗu.

Iri kuwa, in fakitin da ka shuka yana da F1, ka haƙura, 'ya'yansa ba sa gado. In Marketmore ne ko Poinsett, kuma babu wata kokwamba daban a kusa, ka ware uwa ɗaya mafi lafiya a ƙarshen layi, ka bar mata guda biyu har su yi rawaya sosai fatar ta yi tauri, wato kimanin mako biyar zuwa shida bayan fure. Ka tsinka ka ajiye a inuwa mako biyu. Sannan ka tsaga, ka kwashe cikin a kwano, ka ƙara ruwa kaɗan, ka bari kwana ɗaya zuwa biyu ya yi tsami, yauƙin ya saki. Ka ɗauraye, waɗanda suka taso sama fanko ne, na ƙasan su ne iri. Ka shanya a faifai a inuwa mako guda, har ƙwaya ta karye in an lanƙwasa ta maimakon ta tanƙwaru. Ka zuba a kwalba mai murfi, ka rubuta suna da wata a jiki, ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Kafin shuka ta gaba ka gwada ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma.